Taku Dubu Biyar

Ni na zaɓi garin, kuma na san dalilina. Gari ne a bakin kogi, mota ba ta shiga tsakiyarsa, ko'ina da ƙafa ake zuwa. Mu shida ne 'ya'yan Baba, duk shekara mukan fita yawon buɗe ido da shi. Amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye, tafiyar bara a riƙo da neman kujera da cigiyar banɗaki ta ƙare. Ni ne babba, komai a kaina yake sauka. Na gaji, gaskiyar ke nan, ko da ba ta da daɗin ji.

Ranar da na shimfiɗa taswira a teburin falo, ƙannena suka rufu a kai, wannan na zancen jirgin ruwa, wancan na tsohuwar gada. Baba ya gyara tabarau.

"Babban Yaya," haka yake kirana in yana jin tsokana, "daga masauki zuwa gadar nan taku nawa ne?"

"Zai kai dubu biyar," na ce, ko ido ban ƙifta ba. Ɗari shida ne.

Na jira ya ce mu je kawai ban da shi, Allah ya kiyaye hanya. Sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan shayinsa.

Bayan mako uku na biya da safe in kai masa magani. A dogon barandar gidan na same shi, sanda a hannu, singiletinsa ta jiƙe sharkaf, yana jan ƙafar hagu. Kofi biyu ne a bakin taga. Duk zuwa da dawowa sai ya ɗauki maɓalli ɗaya, cikin waɗanda marigayiya Mama ta bari a gwangwanin ɗinkinta, ya jefa a ɗaya kofin.

"Kowane maɓalli taku hamsin," ya ce yana haki. "Jiya na yi dubu uku da ɗari biyu."

Sai a lokacin na ga gwiwarsa, ta kurje, jinin ya bushe.

"Faɗuwa ka yi, Baba?"

"Ƙasa ce ta gaishe ni. In ranar tafiya ta zo ban cika dubu biyar ba, ku tafi abinku. Ba zan sake zame maka kaya ba."

Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na riƙe ledar maganin kamar wanda aka kama da kayan sata.

"Baba, ƙarya na yi maka. Ɗari shida ne."

"Na sani. Auta ta duba min a waya tun ranar."

"To me ya sa kake wahalar da kanka haka?"

"Gadar ce ɗari shida," ya ce. "Kai dubu biyar ka ce."

Ya jefa maɓalli a kofi, ya juya sandarsa.

"Matsa, ka tare min hanya."