Subhi Mai Kankana Ya Zama Manaja

Sau biyu Rabab tana zuwa intabiyu, sau biyu tana dawowa ta ajiye jaka ta shige ɗaki. Mahaifinta Subhi, mai sayar da kankana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Tanta, ya rasa inda matsalar take. Yarinya ta yi shekara uku tana koyon gyaran wutar injuna, ta fito da sakamako mai kyau. Yanzu ga wata masaƙa a garin Mahalla ta kira ta ranar Alhamis, mutum ɗaya suke nema. Ita kuwa ta ce idan wannan ma ya kuɓuce ta haƙura, za ta koma shagon ɗinkin gwaggonta tana ɗaura maɓalli.

Maganar nan ta hana Subhi sukuni. Ranar Litinin ya rufe rumfa tun la'asar, ya ciro kwat ɗin da ya yi aure da ita, ya cusa kansa ciki da ƙyar, ya jawo teburin cin abinci tsakiyar falo.

"Ni ne manaja. Rabab, fita ki ƙwanƙwasa."

Matarsa Nagat ta leƙo daga kicin. "Ranka ya daɗe manaja, ka riƙa numfashi a hankali, kwat ɗin nan ba ta da ƙanwa."

"Koma kan tukunyarki, Hajiya. Aiki muke."

Rabab ta shigo ta zauna, idonta a kan tafin hannunta. Ya yi gyaran murya.

"To, malama, me kika iya?"

"Ɗan abin da Allah ya sawwaƙe. Har yanzu koyo nake."

"Haka kika faɗa musu a can?"

"Haka."

"Duka biyun?"

Ta gyaɗa kai. Subhi ya dafe goshi.

"'Yata, wa zai sayi kayan da mai shi ke cewa ga shi nan dai? Ki ce ke ce ta ɗaya a ajinku. Ki ce babu injin da ya taɓa gagarar ki. Ki buɗe murya kamar yadda nake yi, ja ce, zuma ce."

Ta gwada, maganar ta maƙale, ta yi dariya. Can dariyar ta ɗauke.

"Baba, kai ne fa. Ranar da na zo ta ɗaya ka hana a gaya wa ko maƙwabta, ka ce akwai ido. Tun ina ƙarama kake cewa mai yabon kansa ba shi da tarbiyya. Yanzu cikin kwana uku kake so in zama mai talla?"

Ya tuɓe kwat ɗin ya rataya a bayan kujera, abincin ma kaɗan ya taɓa.

Washegari da azahar ta kawo masa wake da burodi a rumfa. Ta tarar wata tsohuwa ta sa shi gaba.

"Kowa cewa yake tasa zuma ce," in ji tsohuwar. "Jiya an sayar mini da wata, cikinta fari fat kamar kabewa."

"Uwata, bar batun bakina. A kan wuƙa zan ba ki. In ta fito fara, tawa ce, ki yi tafiyarki."

Ya ɗauki ɗaya ya bubbuga, ya soka wuƙa sau uku, ya zaro ɗan yanki a kan tsini, ja wur. Tsohuwa ta ɗanɗana, ta buɗe jaka ta biya.

Subhi ya tsaya da wuƙar a hannu yana kallon 'yarsa. Shekara talatin yana ihu a bakin tasha, bai taɓa tsayawa ya lura cewa ihun mutane kawai yake tarawa ba, wuƙar ce ke sayarwa.

"Rabab, manta da abin da na ce jiya. Kada ki yabi kanki. Ki sa sukurdireba da na'urar gwajin wutarki a jaka. In sun tambaye ki me kika iya, ki ce su kai ki gaban injin da ya lalace."

"In ta fito fara fa, Baba?"

"Sai mu dawo gida tare mu sha shayi." Ya goge wuƙar a gefen rigarsa. "Amma ba na cewa a kan wuƙa sai wadda na bubbuga na ji ƙararta. Wa ya tada famfon ruwan gidanmu bayan masu gyara biyu sun gudu? Injin wankin maƙwabciyarmu Umm Hani fa?"

Nagat ba ta so shawarar ba. Ta ce 'ya mace ta shiga ofishin mutane da ƙarafa a jaka, sai a ce ba ta da iyaye. Amma ranar Alhamis da safe ita ce ta naɗe kayan a ƙyalle mai tsabta, ta tofa musu addu'a.

Ya raka ta har Mahalla. A ƙofar masaƙar mai gadi ya ce iyakarsa nan, ya ba shi kujerar roba da kofin shayi. Masu neman aikin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa minti goma. Aka wuce awa ɗaya ba Rabab. Subhi ya ja carbi har ya ɓace lissafi. Ya ce a ransa sun ɗauke ta mara kunya, ko wuta ta ja ta, kuma duk shi ya jawo.

"Ɗan'uwa, injunan nan naku suna da haɗari?"

"Hajji, karo na huɗu ke nan kana tambayata. Sha shayinka."

Ana kiran azahar ta fito, hannun farar rigarta baƙi ƙirin da mai har gwiwar hannu. Ya miƙe ya tarye ta.

"Da farko dariya suka yi," in ji ta. "Sai babban injiniyan ya ce akwai wani inji da ya kwana tara a tsaye, in ina so in gani. Waya ce ta ƙone a bayan allon wutarsa, inda ba wanda ya duba."

"Ya tashi?"

"Ba ka ji ƙararsa daga nan ba? Asabar zan fara, ƙarfe bakwai. Gwajin wata ɗaya."

Subhi ya juya baya ya fyace hanci, ya daɗe yana gyara hula. Mai gadi ya ce Allah ya sa albarka, ya amsa da kai kawai. Suka kama hanyar tashar mota, ya karɓi jakar ya riƙe mata.

"Ƙarfe bakwai," ya ce. "To motar farko daga Tanta ƙarfe nawa take tashi? In ta yi latti fa? Tsaya mu tambayi direbobin tun yanzu."

"Baba, yunwa nake ji."

"Za ki ci. Mu fara tambaya tukuna."