Wa Ke da Gawar Malam Wibal?

"Ku ba ni hanya, da goyo nake," in ji Perenel.

Ko motsi babu wanda ya yi. Malamai da ɗalibansu sun cika matakalar gidanta, kowa da baƙar doguwar riga da askin tsakiyar kai, suna ta cacar baki da harshen Latin kamar agwagi a bakin rijiya. A sama, daidai kan ɗakin da take kwana da jaririyarta Emelin, gawar Malam Wibal ce a kwance. Tsakiyar lokacin zafi ne, daɓen na katako ne, katakon kuma duk tsaga.

Tun kafin a yi wa Perenel aure Malam Wibal yake haya a ɗakin saman. Mantiƙi yake koyarwa a Layin Ciyawa, inda ɗaliban birnin Faris ke zama kan ciyawa suna sauraro. Da muryarsa ta dushe, sai suka kwashe ciyawarsu suka koma wurin wani matashi mai amo. Da ciwo ya kwantar da shi, cikin masu baƙar rigar nan babu wanda ya leƙo. Perenel ce take hawa da romon albasa da burodi jiƙaƙƙe, ta same shi yana yi wa bango karatu.

"'Yata, ina muka tsaya jiya?" yakan tambaye ta.

"A kan cokali muka tsaya, Malam. Buɗe baki."

Wata safiya ta hau da kwano, ta tarar tsohon ya rasu, yatsansa ɗaya a miƙe kamar zai gyara wa wani kuskure. Kafin rana ta take, sai ga su sun cika gida. Ashe yana da mutane.

Kowane malami yana da ƙungiyar mutanen ƙasarsu, ita ke ɗaukar gawarsa. Kogin Mas ne iyaka tsakanin biyu daga cikin ƙungiyoyin, shi kuwa Malam Wibal a gidan niƙa aka haife shi, kan gada, tsakiyar ruwa. Yana raye kowacce tana tura wa 'yar'uwarta shi. Yanzu sun gano cewa duk wadda ta binne shi, ɗaliban garinsu sun zama nata har abada. Shi ke nan, tsoho ya yi daraja.

Perenel ta kutsa har gaban Malam Ranul, shugaban 'yan yamma da kogi, wani mai tumbi da ya toshe hanci da ƙyalle.

"Malam, yaushe za ku ɗauke shi?"

"Sai an zauna."

"Jiya ma kun zauna. 'Yata ta ƙi nono, jikinta kamar garwashi. Ƙudajen da ke kansa su ke sauka a bakinta."

"Baiwar Allah, wannan magana ta fi ƙarfin mace. Sai an tabbatar ko gada tana bin gaɓar da aka fara gina ta ne, ko wadda aka ƙare."

"Inda aka ƙare!" in ji Malam Gisle, siririn shugaban 'yan gabas, daga saman matakala. "Abu ba ya zama abu sai ya kammala. Ko yaro ya san wannan, mai tumbi."

"Sai dai yaron da kai ka koyar, sandar rake!"

Ɗalibai suka ɗauki shewa. Malam Ranul ya juyo gare ta.

"Ki kuma sani, gawar malami ce. Duk ɗan gari da ya taɓa ta ba da izini ba, za mu haramta gidansa. Ɗalibi ba zai sake kwana a ciki ba."

A kan wannan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya.

Ta sami mijinta Gotiye a madafa ya yi tagumi. Da hayar ɗalibai suke ci, ba su da wata sana'a.

"Ki yi haƙuri zuwa gobe, Perenel. In suka rufe mana gida, me za mu ci?"

"Maigida, taɓa goshinta."

Ya taɓa. Ya janye hannu.

"Wanki zan yi, ko na ɗauki ruwa," in ji ta. "Gida cike da ɗalibai ba zai haifa mini wata Emelin ba."

Da aka kaɗa ƙararrawar zama, dukkansu suka ɗunguma zuwa coci, domin kowane ɓangare yana tsoron a fi shi yawan hannu. Ko mutum ɗaya ba su bari wurin gawar da suke faɗa a kanta ba.

Perenel ta miƙa Emelin ga maƙwabciyarta, ta kira Iya Mahot mai wankan gawa. Suka wanke shi da ruwan tsami, suka naɗe shi a zanen gadon aurenta.

"Kai, bawan Allah," in ji Iya Mahot tana ɗaure masa haɓa. "Duk surutun nan, ashe nauyinka bai kai na kaza ba."

Gotiye ya aro amalanken mai sayar da ciyawa. Da kansa ya sauko da tsohon a kafaɗa, suka tura har wani ƙaramin coci bayan ganuwa. Limamin cocin ya dubi gawar, ya ja numfashi sau ɗaya, bai tambayi inda aka haife shi ba. Ya yi masa addu'a, aka rufe shi kusa da itacen tuffa.

Da yamma shugabannin suka dawo da hukunci: za a aika Roma a tambaya, gawa ta jira amsa. Suka hau, suka tarar da gado babu kowa, taga a buɗe.

"Ina yake?" Malam Gisle ya daka tsawa.

"Yana inda ake kai matattu," in ji Perenel.

"A gefen wa aka binne shi? Da sunan wace ƙungiya?"

"Ban tambaye shi ba, Malam. Ku je ku tono shi, ƙila ya gaya muku."

Nan a bakin ƙofa suka haramta gidan, murya ɗaya, da Latin. 'Yan hayar suka fito da ƙunshinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauce wa idonta. Wani ma da cokalinta ya tafi.

Ta goge daɓen sama har hannunta ya yi ja, ta ƙona ganyen ƙamshi a kasko. Sannan ta kai Emelin babban ɗakin ɗalibai, wanda ya fi ko'ina iska, ta shimfiɗa ta a tsakiyar gado. Gotiye ya shigo ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Zufa ta fara tsattsafowa a goshin yarinyar, zazzaɓin yana sauka, tana barci, ƙafarta ɗaya a waje da mayafi.