Jajayen Tukwanen Uyai

Helikwafta ba za ta tashi ba, saboda hadari. Abin da aka gaya wa Akanimo Udofia ke nan a rediyo.

Akanimo shi ne jami'in kiyaye hatsari na kamfanin. Kamfanin yana da dandalin haƙar mai uku a tsakiyar tekun Ibeno, Uyai Ɗaya da Uyai Biyu da Uyai Uku, duk tsatsa ta gama da su. Tukwanen kashe gobara masu aiki kuwa saiti ɗaya ne tak. Sauran da ke rataye a bangaye sun sha jan fenti, sai ƙyalli suke, amma cikinsu ba komai.

Tsarin ya daɗe, kowa ya san rawarsa. Sifeton gwamnati zai sauka a Uyai Ɗaya, ya duba tukwane, ya manna wa kowacce koriyar sitika mai sa hannunsa. Daga nan a ja shi ɗakin cin abinci, a jera masa miyar ganyen afang da kifi, kuku ya yi ta ƙari yana jan lokaci. Yana ci, ana loda tukwanen a jirgin ruwan Kyaftin Ntuen. A hanya Akanimo ya zauna da reza da kananzir yana kankare sitikun. Kafin helikwafta ta sauke sifeto a Uyai Biyu, tukwane sun riga shi hawa bango, kamar ba su taɓa ganinsa ba.

Bana sai aka turo sabuwa, Madam Nkoyo Asuquo, 'yar gajeruwa mai tabarau, wadda ta rufe wa wani kamfani rijiya a watan jiya. Manaja Ekpenyong ya riga ya yi wa Akanimo bayani a gajarce: in aka ci kamfani tara, ya nemi wani aikin. Ga shi ginin gidan Akanimo a Eket ya kai linta, saura rufi, matarsa kuma ta gama sanar da duk matan cocinsu cewa kafin Kirsimeti za su tare.

Yau a Uyai Ɗaya, bayan ta gama manna sitiku, Madam Nkoyo ta ture faranti bayan loma kaɗan, ta leƙa ta taga. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

"Wancan jirgin ruwan da ke ƙasa ina za shi?"

"Uyai Biyu, Madam. Kayan abinci ne kawai."

"Madalla. Zan bi shi."

Akanimo ya zame bayan ƙofa ya kira manaja.

"Hana ta!" in ji Ekpenyong.

"Da me, Oga?"

"Ba kai ne na kiyaye hatsari ba? Ce mata akwai hatsari!"

Ya koma ya gaya mata. Ta sauke tabarau ta dube shi ta samansa.

"Wato jirginku bai isa ya ɗauki mutum lafiya ba? Faɗa min sosai in rubuta."

"A'a, Madam! Garas yake."

Haka aka zura su cikin kwando, ƙugiya ta sauke su kan jirgin. Ruwa ya fara zuba. Wuri ɗaya ne busasshe a ƙarƙashin rumfa, kan wani babban akwatin katako da aka lulluɓe da tamfol. Nan Madam Nkoyo ta haye ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

"Me ke ciki?" ta tambaya.

"Doya, Madam."

Igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta sake. Cikin akwatin ya ce ƙwal ƙwal.

"Doyar taku da ƙara take."

"'Yar garin Oron ce, Mma," in ji Kyaftin Ntuen daga bakin ƙofar ɗakin tuƙi, tsoho mai furfura da sandar goge baki a laɓɓansa. "Tauri gare ta. Sai an kwana ana dafawa."

Akanimo ya bi shi ciki ya rufe ƙofa.

"Ete, babana, kashe ni kake so ka yi?"

"Ni? Ai kai ka kawo surukarka ka zaunar da ita a kan sirrinka. Ina rezarka? Je ka ce ta ɗaga ƙafa ka yi aski."

"Ka bar wasa. Da mun isa zan sa a fara hawa da ita, a tsare ta da shayi. Kai da yaranka ku kankare."

"Yarana matuƙa ne, ba wanzamai ba. Me za ka ba mu?"

Bai kai ga amsawa ba suka ji ihu daga ƙasa. Makanikin jirgin ya ɓullo daga ramin inji yana tari, hayaƙi na biye da shi.

"Wuta, Kyaftin! Bututun mai ya fashe!"

Kyaftin ya tofar da sandar bakinsa, ya fizgo tukunyar jirgin daga bango, ya zare fil, ya matsa. Tukunyar ta yi ɗan fis, kamar ajiyar zuciyar tsohuwa, ta yi shiru. Ya juyo ya dubi Akanimo. Akanimo ya dubi sama. Shi da kansa ya sa hannu a kan wannan tukunyar cewa lafiyarta ƙalau.

"Ruwa fa?" ya ce.

"Ruwa a kan man dizal? Wace makaranta ka yi? Tankin yana nan kusa, in ta kai shi ko takalminka ba za a samu ba!"

Inji ya mutu. Jirgin ya juya gefe, igiyar ruwa na marinsa. Akanimo ya fito fili ya tsaya. Ga hayaƙi, ga akwati, ga Madam a kai ta riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu. Ya ga gidansa na Eket ba rufi, ciyawa ta fito a falo. Ya ga fuskar matarsa a coci. Har ya soma lissafin ko bargo jiƙaƙƙe zai yi, sai wani abu ya fashe a ƙasa, harshen wuta ya leƙo ta bakin ramin.

"Madam," ya ce, "don Allah ɗan tashi."

"Me ya faru?"

"Doya nake so."

Ta diro. Ya yaye tamfol, ya ɓalle murfin. Ga su nan a jere, jajaye, kowacce da koriyar sitika a ƙirji, da kwanan watan yau, da sa hannun Nkoyo Asuquo, tawadar ma ba ta gama bushewa ba.

Ta jefar da jaka, ta sungumi ɗaya, ta zare fil da haƙori, ta riga kowa isa bakin ramin.

"Gindin wutar za ku feshe, ba hayaƙin ba! Kai, mai doya, miƙo wata!"

Akanimo ya yi ta miƙowa. Kyaftin na fesawa yana kiran sunan Abasi, wato Ubangiji, makaniki na fesawa yana zagin wanda ya sayo bututun. Farin gari ya cika ko'ina. Sai da tukunyar ƙarshe ta ƙare kafin wutar ta kwanta.

Suka zube a ƙasa suna haki, ruwan sama na wanke musu baƙin hayaƙi. Madam Nkoyo ta jawo wata tukunya da ƙafa, ta goge sitikar da yatsa, ta daɗe tana kallo.

"Wannan doyar na san ta," ta ce. "Na ji daɗi da ban sa hannu a kan ƙarya ba. Tana aiki."

"Tana aiki, Madam."

"To yanzu a Uyai Ɗaya, inda na baro mutane suna aiki a kan gas, me ke rataye a bango?"

Akanimo ya nemi taimako a fuskar Kyaftin. Kyaftin yana neman sandar bakinsa.

"Fenti, Madam."

"A Biyu da Uku fa?"

"Shi ma fentin ne. Amma mai kyau."

Wani jirgi ya zo ya ja su zuwa gaɓa. Kafin mako ya zagayo an rufe duka dandalin ukun, an kwashe ma'aikata, an lafta wa kamfani tara. Sai dai a rahoton nata Madam Nkoyo ta rubuta cewa hanzarin jami'i Udofia ne ya ceci rayukan da ke cikin jirgin, hukumarsu har ta aiko masa da allon yabo mai ruwan zinariya. Da shi a hammata ya shiga ofishin manaja a Eket, zuciyarsa na ɗan raya masa cewa ba a korar mai allo.

Ekpenyong yana cin gyaɗa. Bai ko yi kama da mai fushi ba.

"Oga, maganar tarar nan..."

"Wace tara? Bar wa lauyoyi. Za ta yi furfura a kotu kafin a biya." Ya karkaɗe hannu. "Ni tukwanena nake tambaya. Wa ya ba ka izinin buɗe su?"

"Oga, wuta ce ta tashi."

"Na ji. Wa ya ba ka izini?"

"Da mun ƙone, har da sifeton gwamnati!"

"Udofia, shekara nawa tukwanen nan suna yi wa kamfani hidima? Sifeto nawa suka gani? Ko ƙwarzane babu a jikinsu. Rana ɗaya na bar ka da su, ka juye su tas." Ya jingina da kujera. "Ba don wuta aka sayo su ba. Don sifeto aka sayo su. Kai da ka fi kowa sani."

Takardar sallamar ta riga ta sha sa hannu. Laifin: amfani da kayan kamfani ba bisa ƙa'ida ba.

A bakin get ya tarar da Kyaftin Ntuen yana kallon ana sauke kaya daga wata mota. Sababbin tukwane ne, jajaye, cikin leda. Akanimo ya tsaya ya duba cikin motar, ya duba bayanta ko wata na tafe.

"Saiti ɗaya?"

"Ɗaya," in ji Kyaftin. "Amma kar ka ce ba a koyi darasi ba. An fito da sabuwar doka, an manna min ita a ɗakin tuƙi."

"Me ta ce?"

"An haramta ɗaukar sifeto a jirgin kaya. Saboda lafiyarsa."

Ruwa ya sake tsinkewa. Akanimo ba shi da lema, motar kamfani kuma ba tasa ba ce yanzu. Ya zaro allon yabon daga hammata, ya kifa shi a ka, ya kama hanyar gida. Allon ya ɗan tare masa ruwa, ba laifi. Duk rufin da aikin ya samar masa ke nan.