Ɗakin Baya na Bu Kartinah

Shekara ashirin da biyu ina kimanta darajar gidaje a birnin Semarang, ban taɓa jin kunyar abin da hannuna ya rubuta ba sai a kan gidan Bu Kartinah. A wurinmu Bu ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pak.

Mijinta ya rasu, da sayar da abinci take riƙe kanta. Ta nemi rance da takardar gidanta, banki ya turo ni. Na auna ko'ina, saura ɗakin baya da ke kulle. Na matsa mata, don ni akwai naci. Ta sunkuyar da kai ta ce a nan ɗanta Wisnu ya rataye kansa, amma a sanin unguwa ciwon zuciya ne ya kashe shi.

"Pak Harjono, wannan tsakaninmu ne."

Na ce mata to. Sai dai a wurinmu gidan da aka yi irin wannan mutuwa masu saye gudunsa suke, kuma ƙa'idar aikina ta ce in rubuta duk abin da ke taɓa darajar gida. Na rubuta layi ɗaya a shafi na tara. A sanina, rahoto daga hannuna sai durowar banki.

Bayan wata biyar na ji bankin ya zuba rahotanninmu kaf a kwamfuta, ya buɗe wa wani kamfanin dillalan gidaje. Ban ƙarasa shayina ba na hau babur, sai ofishin Pak Gunadi, jami'in rance.

"Layi ɗaya nake so ka goge mini," na ce.

"Haba Pak, rahoton ai namu ne. Mun biya ka."

"Awo na sayar muku. Maganar matar nan ba tawa ba ce balle in sayar."

"To wa ya kai ta shafi na tara? Aljani?"

Haushinsa ya kama ni, amma haushin kaina ya fi.

Ya turo mini takardar kwangila. "Duk abin da ke cikin rahoto mallakar banki ne, ga sa hannunka. In kuwa ka taɓa rahoton da ka buga wa hatimi, lasisinka ya tafi."

"Ya tafi ɗin! Jibi Alhamis take sadakar cika kwana dubu da rasuwar yaron. Unguwa gaba ɗaya za ta zo. Don Allah, Pak."

Ya dube ni, ya ja kwamfutar gabansa. Ya daɗe yana latsawa. Can ya cire tabarau.

"An riga an buɗe shi. Sau uku, tun shekaranjiya."

"Wa ya buɗe?"

"Dillalin unguwarsu."

Ina saukowa daga bene wayata ta yi ƙara. Bu Kartinah ce, muryarta a kwance, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Pak, wani dillali ya zo ɗazu. Maƙwabta suna taya ni yanka albasar sadaka. A gabansu ya ce zai karɓi gidan da araha, tunda kowa gudun ɗakin da aka rataye kai yake."

"Bu, ki saurare ni..."

"Sun tashi sun tafi, ko wuƙaƙensu ba su ɗauka ba. Kai kaɗai na faɗa wa, Pak. Ko ƙanwar Wisnu ban faɗa wa ba. Ga ta nan zaune, tana tambayata wane ɗaki."