Ƙullin Abla Atiyat

"Ƙasa, Ummu Tamer, ƙasa. Wannan ai buhun shinkafa kika ɗaure, ba ƙugu ba."

Abla Atiyat ta warware gyalen da na ɗaura a tumbina, ta sauko da shi kan kwankwaso, ta ja, ta ƙulla a gefen hagu. Ƙullin ya zauna daram.

"Rawa a nan take zaune," in ji ta. "Mai ɗaurawa a tumbi yunwa take ji."

Mirfat, matar mai kantin magani, ta ƙyalƙyale da dariya, alhali ita ma tunda muka fara ba abin da ke motsi a jikinta sai baki. Shaima kuwa, wadda ake shirin bikinta, ta ƙura wa madubi ido tana fama da kafaɗun da suka ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Mu uku ne ajin masu koyon rawa, kowace Talata da hantsi, a falon Abla da ke saman bene, daura da gidanmu. Da hunturu Ras al-Bar, garinmu na bakin teku a Masar, yakan zama fayau. 'Yan hutun Alƙahira sun watse, an rufe rumfunan bakin teku, sai masunta da iska. Mazajenmu mun gaya musu motsa jiki muke zuwa saboda ciwon baya, kuma ta ƙofar baya muke shiga, ta lungun masu kifi, ɗaya bayan ɗaya. Rabin matan layinmu Abla ce ta raka su ɗakin miji tana rawa da tarin kyandir a kanta, amma yau in suka haɗu da ita a kasuwa sai kowace ta duƙufa zaɓen tumatir.

Ran nan ta ɗaga hannu za ta nuna mana yadda ake sauke ƙugu a kan kiɗa, sai ta tsaya, ta laluba kujera ta zauna. Kaset na ta yi shi kaɗai.

"Ku ci gaba mana. Kallonku ne ya gajiyar da ni."

Da sauran suka tafi ta riƙe ni da shayi. Tana juya cokali ta ce, "Ummu Tamer, wa zai wanke ni?"

"Haba Abla, Allah ya ba ki tsawon rai."

"Ban tambaye ki tsawon rai ba. Likita ya gama magana a kan zuciyar nan. Ba ni da 'ya, ba ni da 'yar'uwa. Hajja Ihsan kuma a gaban mata ta rantse hannunta ba zai taɓa gawar 'yar rawa ba. Asibiti za a kai ni, wasu da ba su san sunana ba su watsa min ruwa kamar ana wanke kifi."

Hajja Ihsan ita ke wanke duk macen da ta rasu a unguwarmu. Ni ban taɓa ko tsayawa kusa da wurin wankan ba, kuma tsoron gawa nake ji har cikin raina. Amma matar nan ta sa na kalli kaina a madubi na yi murmushi, abin da na manta tun haihuwar ɗana Tamer.

"Ni zan yi," na ce.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da ko gyale ba ki iya ɗaurawa ba." Ta zaro makullin gidanta ta tura min a kan faranti.

Ajin bai tsaya ba. Daga kujera take koyarwa, tana buga cokali a farantin shayi, tana tsokanar Mirfat. Sai dai kowace Talata muryar na ƙara yin ƙasa, kuma ɗaura mana gyale ya fara gagararta. Ta ce mu riƙa ɗaura wa juna, ita tana dubawa.

Wata Laraba da safe ina shanya a baranda na ga kwandon Abla. Kullum takan zuro shi da igiya, mai gurasa ya saka mata, ta janye. Ya saka, ya kira "Abla", ya sake kira, ya tura kekensa ya wuce. Kwandon na nan a rataye. Na ajiye rigar da ke hannuna na ɗauki makulli.

Tana kwance a gefenta na dama, an ja bargo har kafaɗa, rediyo na karatun Alƙur'ani a hankali. Na rufe mata ido, na zauna bakin gadon na yi kukana.

Daga nan gidan Hajja Ihsan na nufa. Na same ta tana tsince shinkafa.

"Allah ya ji ƙan musulmi," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Gwiwata ba ta hawan bene."

"Shekaranjiya ta hau har saman gidan Ummu Ashraf cin soyayyen kifi, Hajja."

"Ki iya bakinki, yarinya."

"To ki faɗa min yadda ake yi, ni zan yi."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na tsaya har na gaji, na fito raina a ɓace.

Na sa baƙaƙen kaya, na ɗauki bokiti da sabulu da tawul. A bakin lungun masu kifi na ɗan tsaya, sai na ga ba dalili. Na bi ta babban titi, ta gaban shagon gahawa inda mazan layin suke zaune, har da mijina.

"Ina zuwa da bokiti?" in ji mijina.

"Malamata ta rasu. Zan je in wanke ta."

"Ta ciwon baya?"

"Ta rawa, Abu Tamer."

Ya ajiye kofinsa ya miƙe yana gyara hula.

"Na daɗe da sani. Mai ciwon baya ba ta wanke kwanuka tana kaɗa ƙugu. Allah ya gafarta mata. Je ki, ni zan ga liman da masu haƙa kabari."

Ina ɗora ruwa a wuta Mirfat ta shigo da likkafani da kafur, ita ma ta ƙofar gaba. Shaima na biye da ita, ido ya yi ja, uwarta na ƙwala mata kira daga taga. Muka kwantar da Abla a kan teburin falo, muka juya madubin ya kalli bango, muka tsaya muna kallon juna. Ba wadda ta san ta inda ake farawa.

Sai muka ji sanda a matakala, tana hawa tana hutawa. Hajja Ihsan ta shigo tana haki, da ƙullin ganyen magarya.

"Kada wadda ta yi min godiya. Na zo ne kar ku ɓata sunna. Hannuna kuma na riga na rantse."

Ta zauna a kujerar Abla, ta naɗe hannuwa a cinya, ta shiga ba da umarni. A rufe ta da zane. A fara da alwala. Dama kafin hagu. A hankali, ba tabarma kuke wankewa ba. Muka bi, kamar yadda muka saba bin murya daga wannan kujera. Tsoron da nake ji ban san inda ya tafi ba. Shaima ta taje mata farin gashinta ta yi kitso uku, Mirfat ta shafa kafur, yau ko uffan ba ta ce ba.

Muka naɗe ta. Hajja ta ce a ɗaure da ƙyallayen da muka yaga, ƙulli a hagu don ya yi sauƙin kwancewa a kabari. Mirfat ta ɗaura na kai, Shaima na ƙafa, aka bar min na tsakiya. Na zura shi ta ƙarƙashinta, na ja, na ƙulla. Sai da na ɗago na ga abin da hannuna ya yi. Ɗaurin ya sauka har kan kwankwaso, ƙullin na zaune a gefen ƙugu.

Wani sauti ya kuɓuce wa Mirfat, tsakanin dariya da kuka.

"Ya yi ƙasa," in ji Hajja Ihsan.

Na kai hannu zan kwance, ta ce in tsaya. Ta dogara sanda ta taso, ta zo har bakin teburin ta duƙa tana duba ƙullin. Ta daɗe a haka.

"Ranar da aka kai ni ɗakin miji," ta ce, "iskar teku har rumfa ta ɗaga. Abla tana gabana da kyandir a ka tun daga bakin kogi har ƙofar gida. Ko ɗaya bai mutu ba."

A ƙasa mun fara jin muryoyin maza da ƙarar makara tana gugar bangon matakala. Hajja ta miƙa hannu ta ɗan gyara bakin ƙyallen, ta daidaita shi a inda yake, sannan ta kwantar da tafinta a kan ƙullin ta bar shi a wurin.