Cincin ɗin Goggo Hajo

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe ajin Turanci na unguwar Cheetham Hill, wai gwamnati na tsuke bakin aljihu, Zinatu ta wayi gari malama ba ɗalibai. Aiki ɗaya ya rage mata: koyar da Turanci a Japan. Sai dai fa sai ta ci gwaji a Birmingham, inda za a ba ta ɗalibai Japanawa shida da minti ashirin, ta sa su yi magana.

Ta sauka gidan ƙanwar babanta, Goggo Hajo, a unguwar Handsworth ta Birmingham. Da safe Goggo ta dire mata ƙosai da kunu, ta tsaya a kanta. Zinatu ta kasa kai ko loma ɗaya.

"Au, na manta ke baƙuwa ce," in ji Goggo. "Bari in ba ki wuri, kar ki mutu da yunwa a flat ɗina council ta ce ni ce."

Tana fita Zinatu ta share kwanon tas. Da za ta tafi, Goggo ta cusa mata ledar cincin a jaka.

Mai gwajin, wata Baturiya Angelina, ta tare ta a ƙofa. Ta ce mutum uku sun faɗi jiya. Ɗaliban sun san nahawu fiye da ita kanta, amma a makarantunsu malami ke magana, yaro ya rubuta, kuma kuskure gaban babba abin kunya ne.

"Eye contact," in ji ta. "Ki kafe su da ido."

Zinatu ta kafe su da ido. Ta tambayi abincin garinsu. Kai shida suka sunkuya a tare, kamar an kawo gaisuwar mutuwa. Minti bakwai suka wuce, Angelina na ta rubutu, Zinatu na jin jirgin Osaka ta Japan yana tashi ba ita.

Sai ta lura da wata ɗaliba, Haruka, bakinta na motsi amma idonta na kan biron Angelina. Ɗazu-ɗazu ita ma Zinatu ta yi irin wannan zaman gaban ƙosai.

Ta zazzage cincin a tebur, ta ce da Turanci su ci, su yanke shawara ko zai sayu a Japan. Ta kamo hannun Angelina ta ja ta waje, ta rufe ƙofa.

"Kin haukace? Ni ce examiner!"

"Shi ya sa."

Suka kasa kunne. Sai ƙurus-ƙurus. Sai muryar Haruka, da Turanci, tana cewa wannan abu zai karya wa kakarta haƙori. Wani ya ce ƙarya ne, kakarta ba ta da haƙori. Aji ya kaure da musu.

Angelina ta manna kunne a ƙofa, tana rubutu a tsaye.

"Wannan method ɗin, wa ya ƙirƙiro shi?"

"Hajo," in ji Zinatu. "Tana Handsworth."

"Farfesa ce?"

"Ta fi nan."

Ranar da takardar aikin ta iso, Goggo ta juya ta gaba da baya, ta ce, "To, su Japanawan, sun dawo min da ledata?"