Cin Ranin Alaska

Tun ranar da abokinsa Faïçal ya shigo gidan da ledar kifi mai jan nama da baki cike da labari, Chaïbou bai sake zama wuri ɗaya ba. Dama can shi ba mazauni ba ne. Mutumin da ya bar Mirya yana ɗan shekara sha tara, ya yi tallan agogo a Kwatano, ya yi gadi a New York, ai shekara uku a gida ɗaya cikin unguwar Glenwood ba ƙaramin haƙuri ya yi ba. Matarsa Kouloussoum ta san alamar. In ya fara barin tuwo rabi yana kai da komo a falo, to ƙafar ta soma ƙaiƙayi.

Wannan karon Alaska ce, kuma ya haddace ta tsaf.

"Kin ga nan?" Ya tura mata taswira a waya har kusa da hanci. "Can ƙarshen arewa, bakin teku. Garin ko hanyar mota ba ta zuwa, sai jirgi. Ba su noma, sanyi ya hana, amma mi za su yi da noma? Da Yuni ya kama kifi ke baro teku ya hau koguna ya yi ƙwai, Faïçal ya ce har ruwan duhu yake yi. Can sama man fetur, ta kudu katako. Sati shida kamfanin kifin ke yanka da daskarewa, awa sha shida kullum, rana ma ba ta son faɗuwa. Kwantira ɗaya, wallahi, ta fi rabin shekara a siton nan da nake ɗaukar kwalaye."

"Malam, yaushe ne sati shidan?"

"Tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Yuli."

Ta sunkuyar da kai ta dubi cikinta. Sha biyu ga Yuli likita ta ce za ta haihu, kuma yana zaune a wurin aka faɗa. Cikin fari, bayan shekara bakwai ana jira.

"Ai ban manta ba," ya ce da sauri. "Amma haihuwa sha'anin mata ne. Ko ina nan mi zan yi? Ni ma da aka haife ni Baba yana Kumasi cin rani, sai da na fara rarrafe ya gan ni."

Abin haushin shi ne ba mugunta ba ce. Bawan Allah lissafin Mirya yake yi, inda mace kan yi nishi ɗaya gida ya cika da zannuwa. Ita kuwa Kouloussoum tsoro take ji, tsoro na gaske. Ko lasin tuƙi ba ta da shi, Turancinta bai wuce na sayen albasa ba. Ta yi magana sau biyu, ya amsa mata da sunayen koguna.

Abu ɗaya ya rage. Duk yawonsa, Chaïbou bai taɓa ɗaura jaka ba sai da iznin mahaifiyarsa. Sai dai wace mai kunya ce za ta buɗe baki ta yi wa surukarta zancen ciki?

Ran Lahadi bayan azahar ya kira gida ta bidiyo. Ya zuba wa Inna teku da kifi da fetur, tsohuwa tana ta jinjina kai.

"Ƙasar da ba a shuka, Allah ya ba su kifi. Ikon Allah! To, ubanka ma bai zauna ba. In alheri ne..."

Kouloussoum ba ta san lokacin da ta baro bakin kicin ba. Ta durƙusa ta gai da Inna, sannan ta miƙa hannu ta karɓi wayar.

"Inna, ba ki taɓa ganin gidan namu ba. Bari in zaga da ke."

Ta nuna mata falo, ta nuna ɗaki, ta nuna kicin da tukunya ɗaya a kan wuta. Ta buɗe ƙofa ta juya wayar ga titi. Wata yarinya ta wuce a keke da jaka a baya, bas ta tsaya ta tashi ba wanda ya sauka.

"Ina mutanen gidan?"

"Mu ke nan, Inna."

"Maƙwabta fa?"

"'Yan makaranta ne. Kowace shekara sababbi."

Tsohuwa ta ce, "Ba ni shi."

"Chaïbou, ban hana ka ba. Faɗa mini sunan matar da za ta zauna da ita har arba'in, sai in sa maka albarka."

Ya gyara zama, abu mai sauƙi. Hajiya Fassouma. Sai ya tuna aiki biyu take yi, ko Juma'a ba ta samu. To Dalila. Dalila ta koma Ohio tun bara. Akwai Anti Lucia, mutuniyar kirki, amma tana can garin Pleasant Garden, aikin asibiti ya riƙe ta kwana biyar a sati. Ya lalubi ta huɗu, babu.

"Ranar da na haife ka mata tara ne a kaina," Inna ta ce. "Ubanka cikin mutane ya bar ni. Kai ka ɗauki 'yar mutane ka kai ta inda ba ta da uwa. To kai ne uwar."

Ƙafar Chaïbou tana ta rawa a kan kafet. Kouloussoum ta ga yadda abin ya yi masa ciwo, har tausayinsa ya kama ta, amma ba ta ce ya tafi ba. Ya share fuska da tafin hannu, ya matso da wayar, ya rage murya kamar mai jin kunyar bango.

"To Inna, ruwan wankan jegon nan, sau nawa ake dafa shi a rana?"